Sharhi: Rumbun hotuna a jami'o'inmu, tun kafin masu gane fuskokin su ƙare

A farkon watan Satumbar 2024, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya kayar da tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Cikin ƴan awoyi bidiyon rushewarsa ya zagaye wayoyin jama'a. Amma duk wanda ke son nuna wa jikokinsa yadda masallacin yake a da, ko magini da ke son sanin fasalin ginshiƙansa, tsofaffin hotuna zai nema. Hotunan suna nan, sai dai a warwatse: wasu cikin akwatunan gidaje, wasu a kwamfutocin malaman jami'a, wasu a ɗakunan ajiyar tarihi na Faransa.

Wannan ya sa batun gina rumbun hotuna na zamani a jami'o'in Nijar ya wuce maganar masana kwamfuta. Abin da ake nufi da rumbun shi ne wata babbar ma'ajiya ta na'ura, inda ake zuba kwafin kowane hoto tare da bayaninsa, a ba shi lambar da ba ta canzawa, ta yadda ɗalibi a Tawa ko Maradi zai rubuta kalma guda ya samo shi ta intanet.

Dukiyar da ke hannu

Nijar ba ta rasa abin zubawa a rumbu ba. Cibiyar bincike ta IRSH da ke ƙarƙashin jami'ar Abdou Moumouni a Yamai tana riƙe da tsofaffin littattafan hannu na Larabci da ajami wajen 4,000, waɗanda marigayi Boubou Hama ya fara tattarawa. Cibiyar CELHTO, da aka kafa a Yamai a 1968, ta tara muryoyin maroƙa da dattawa masu ba da tarihi. Marigayi Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar Yamai ta shekarun 1960 da 1970 a hoto, kuma kowane babban gari ya yi nasa masu ɗakin hoto da suka halarci naɗin sarauta, biki, suna, wasannin Samariya da kokowar takobi. Ga kuma abin da malaman jami'a ke dawowa da shi daga daji: gonaki, tafkuna, kasuwannin dabbobi, zanen raƙuman dawa na Dabous.

Wani kaso kuma yana waje. Damagaram ce babban birnin mulkin mallaka har 1926, kuma mai neman hotuna da takardun wancan zamani sau da yawa sai ya dangana da Aix-en-Provence ko gidan tarihi na Quai Branly a Paris. A watan Oktobar 2024 an sauya wa titin Charles de Gaulle na Yamai suna zuwa Djibo Bakary. Sauya allon titi aikin yini guda ne. Mallakar kwafin tarihin ƙasa a cikin gida aikin shekaru ne, kuma shi ma yana cikin maganar diyauci.

Hoto marar bayani maraya ne

Idan an ce rumbun zamani, hankalin magabata kan tafi ga sayen na'urori. To amma manhajojin da jami'o'in duniya ke wannan aiki da su, irin su DSpace da Omeka, kyauta ake samun su. Hukumar CAMES, wadda Nijar ke ciki, tana da irin wannan rumbu mai suna DICAMES domin kundayen bincike. Inda gizo ke saƙar shi ne bayani.

Kundin digiri yana zuwa da sunan marubuci da shekara a bangonsa. Hoto ba ya magana. Sai wani ya ce wannan wane ne, a wace unguwa, a wace shekara, wa ya ɗauka, kuma me ake yi a wurin. Tsarin da ɗakunan karatu suka fi bi, Dublin Core, yana da gurabe 15 da ake cikewa ga kowane abu. Injin ɗaukar hoton takarda zai iya wuce ɗaruruwa a yini, amma cike guraben hoto guda na iya cin mako, domin sai an je an zauna gaban dattijo.

A nan ne lokaci ke ƙurewa. Wanda ya kai shekara 20 a ranar samun ƴancin kai a 1960 yau ya haura 80. Su ne ke iya duban hoton hawan salla su ce wannan Ciroma ne, wancan Galadima ne, dokin kuma na wane ne. Takardar hoto za ta iya jiran wasu shekaru idan gara da danshi sun ƙyale ta. Dattijon ba zai jira ba. Saboda haka shirin da ya fara da odar na'urori ya bar bayani zuwa ƙarshe ya sa keke gaban doki.

Akwai kuma maganar harshe. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan bayanan rumbun da Faransanci kaɗai aka rubuta su, ɗan kasuwar Maradi da ya rubuta "rini" ko "dukanci" ba zai samu kome ba. Ya kamata kowane hoto ya samu bayani da Faransanci da kuma harshen mutanen da ke cikinsa, Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek ko Fulatanci ko Barbarci. Takardun ajami kuwa, malaman zaure ne suka fi kowa iya karanta su, kuma ya dace a biya su ladan aikinsu kamar kowane ƙwararre.

Lissafin ajiya

Shafi guda mai girman A4, idan aka ɗauke shi da launi a ingancin ɗigo 600 cikin tsarin TIFF, yana cin kusan megabait 100. Ke nan shafi 10,000 sun cika terabait guda. Faifan da zai ɗauki wannan bai fi ƙarfin jami'a ba. Abin da ke da tsada shi ne riƙon amanar shekara da shekaru: ɗaki mai sanyi a ƙasar da zafi ke haura maki 40, kariya daga ƙurar hunturu, sauya faifai kafin su gaji, da wutar da ba ta yankewa. Ba a manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda a wancan lokaci take ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, ta katse layin saboda takunkumin CEDEAO.

Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya kuma a wani gari daban. Dalilin a bayyane yake. A watan Janairun 2013 masu ɗauke da makamai sun ƙone ko sun kwashe littattafan hannu wajen 4,000 a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbuktu. A watan Oktobar 2023 kuma ƴan kutse sun durƙusar da na'urorin babban ɗakin karatu na Birtaniya, aka yi watanni ba a iya shiga taskarsa ta intanet. Takarda na ƙonewa, na'ura ma na mutuwa.

Yau kowace daga jahohi 8 na ƙasar tana da jami'ar gwamnati. Idan kowace ta ce sai ta gina nata rumbun ita kaɗai, za a wayi gari da ƙananan rumbuna 8 da babu mai kula da su. Abin da ya fi dacewa da aljihun ƙasa shi ne rumbu guda na tarayya, kowace jami'a da ɗakinta a ciki, kwafin Yamai ya kwana a Damagaram, na Damagaram ya kwana a Tawa. Jami'o'in waɗannan garuruwa biyu suna ɗauke da sunayen André Salifou da Djibo Hamani, masanan da suka rubuta tarihin Damagaram da na Adar. Kamata ya yi su kasance a sahun gaba.

Na wa ne hoton?

Iyalin da ke riƙe da hotunan kakansu ba za su miƙa su ba sai sun yarda. Hanya mafi sauƙi ita ce a je har gida a ɗauki kwafi, a bar musu asalin, a ba su nasu kwafin, a kuma rubuta yarjejeniya: wa zai gani, wa zai buga, idan an samu kuɗi wa zai karɓa. Wasu hotunan na cikin gida ne, na mata da yara, ko na marasa lafiya da likitoci suka ɗauka. Waɗannan a ajiye su a kulle, mai bincike ya nemi izini. Ofishin kare haƙƙin mawallafa na BNDA da hukumar kare bayanan jama'a ta HAPDP suna da ta cewa tun daga farko.

Haka ma tallafin waje. Ba laifi ba ne a karɓa, amma kuɗin irin waɗannan shirye-shirye kan ƙare cikin shekara 2 ko 3, alhali rumbu ba ya ƙarewa. Duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu ta fayyace cewa kwafin asali mai cikakken inganci yana zama a Nijar.

Ranar da wata jami'a ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta sanar da irin wannan shiri, abubuwa biyu ne za su nuna ko da gaske ake: ko an ware masa kuɗi na dindindin cikin kasafin shekara, da kuma ko an ɗauki ma'aikatan ajiyar tarihi da albashinsu. Kafin nan, akwai abin da kowane gida zai iya yi a wannan mako. A fiddo tsofaffin hotunan daga akwati, a kai wa tsohuwa ko tsohon gidan, a rubuta sunaye da wuri da shekara da fensir a bayan kowane ɗaya.