Gani Ya Kori Ji, To Wa Zai Kori Gani?

A bazarar da ta wuce, a hanyar Kano zuwa Daura, ƙaramin ɗana ya nuna mini ruwa kwance a kan kwalta, ya ce in rage gudu kada mu fantsama wa masu babur. Muka isa wurin, babu ko ɗigo. Kawalwalniya ce: iskar da ke bisa kwalta ta ɗauki zafi, ta lanƙwasa hasken da ke saukowa, sai ido ya ga hoton sararin samaniya a ƙasa ya ɗauke shi ruwa. Yaron bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya faɗa.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya daɗe da tuhumar ido. Ya lura cewa inuwa tana bayyana a tsaye cik alhali tafiya take, tauraro kuma kamar dinari, alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Ilmin zamani ya ƙara wa tuhumar nauyi. A kowane ido akwai ɗan gurbi inda jijiyar gani ta fita, wanda ba ya ganin komai. Ƙwaƙwalwa ce ke cike shi ba tare da ta sanar da mu ba. Giwayen Yankari kuwa suna kiran juna da sautin da kunnenmu bai kai gare shi ba.

Daga nan wasu kan yanke hukuncin cewa duniyar dukkanta mafarki ce. Ban yarda ba. Me ya tona asirin kawalwalniyar? Isarmu wurin. Me ya tona na inuwar? A kafa sanda, a dawo bayan sa'a guda. Da babu tabbatacciyar kwalta, da ba mu san ruwan na bogi ba ne.

Damuwata ita ce inda ba a jira a isa wurin. A Amurka, cikin fursunonin da gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke, kusan bakwai cikin goma shaidar ganau ce ta taimaka wajen ɗaure su, kuma shaidun nan galibi da zuciya ɗaya suka rantse. Can, aƙalla, an sami mutumin da rai aka buɗe masa ƙofa. A kasuwanninmu kuwa, da almuru, mutum ɗaya ya ce “ɓarawo, na gan shi da idona”, sai duwatsu da taya da fetur. Kafin wani ya tambayi launin rigar da aka gani, an riga an ƙyasta ashana.