Ciwon haƙorin naƙasasshe: daga Arewa sai Yamai?

Kowa ya san yadda ake cire haƙori: ka zauna, ka buɗe baki, a yi maka allura a dasashi, ka daure. To, wanda ba ya iya daurewa fa? A Matankari, a Geceme, a Dumega, akwai yara da manya masu shanyewar jiki ko taɓin ƙwaƙwalwa, waɗanda ba sa iya riƙe baki a buɗe ko na minti ɗaya. Wani ko faɗin inda ke masa ciwo ba ya iyawa. Sai dai ya ƙi tuwo, ya kwana yana kuka, ya riƙa bugun kuncinsa, dangi su ce iskoki ne.

Irin wannan marar lafiya sai an sa shi barci gaba ɗaya. Ke nan ana bukatar ɗakin fiɗa, da mai allurar barci, da iskar numfashi, da likitan haƙori, duka rana ɗaya. Alfanun abin shi ne a zama guda ake cike na cikewa, a cire na cirewa. Amma manomin da aka ce masa ya kai ɗansa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 250 daga Dogon Dutsi, da kuɗin motar mutum biyu ko ukku da na ci da na kwana, gida zai koma ya nemi wanzami. Kada a zarge shi. Ruɓaɓɓen haƙori kuwa ba ya jira: yana tara mugunya, fuska ta kumbura, wani lokaci har ya kai mutum kabari.

Doka dai ba mu rasa ba. Tun 1993 aka sa hannu kan dokar kare naƙasassu. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. A 2019 aka ƙara wata doka. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na masu kaki, kowace da jawabinta na ranar 3 ga Disamba.

Mu ba sabon gini muke roƙo ba. Asibitin gundumar Dogon Dutsi yana da ɗakin fiɗa inda ake ceton mata masu naƙuda, kuma ba a yin wannan aiki sai da mai allurar barci. Me zai hana ofishin ministan lafiya ya tsai da rana ɗaya a wata, likitan haƙori ya taso daga Doso da kayan aikinsa, likitocin karkara na gundumomin Dutsi da Tibiri su tattara sunaye tun da wuri, baitulmali ta ɗauki kuɗin?