Filin Mata: Kada Ki Yar da Maganinki

 Wata mace ciwo biyu gare ta: na ma'ajiyar ƙwai, mai rikita haila, da lufus, watau jiki na yaƙar kansa. Likita kan ba ta prednisolone. Shi kuwa yakan kumbura fuska, ya ƙara ƙiba da sukarin jini, alhali ciwon farkon ma yakan ƙara ƙiba da sukarin jini.

To, 'yar'uwa, kome gorin kishiya, kada ki daina sha farat ɗaya, gama jikinki ya rage yin nasa sinadarin, kina iya suma. Tafi Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, a auna sukarinki, likita ya rage maganin sannu-sannu. Allah ya ba mu lafiya, amin.