Kanwa Ba Ta Tsabtace Ruwa

'Yan'uwa, sau da yawa a asibiti nakan ji mai ƙwannafi ya ce kullum yana jefa kanwa a ruwan shansa, wai tana kashe tsamin ciki, tana kuma gyara ruwan. Ni dai ban yarda da wannan al'ada ba. Ga dalilina.

A cikin hanjin kowannenmu akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa da ido ba ya gani. Yawancinsu masu amfani ne: suna taimakon narkar da abinci, suna kuma hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama. A 2014 masu bincike a Amurka suka ba ɓerayen gwaji ruwa iri biyu, mai tsami da marar tsami. Halittun hanjinsu kuwa suka bambanta. Amma da aka zo kan ciwon sukari, wani rukunin masu binciken ya ga ruwan tsami ya ƙara shi, wani ya ga ya rage shi. To, in a kan ɓera ma masana sun saɓa, wa zai tsaya a kasuwa ya ba ka tabbacin abin da zai yi maka?

Abin da muka tabbata shi ne wannan: Allah ya sa tsami mai ƙarfi a tumbinmu kamar mai gadin ƙofa. Ƙwayar kwalara ba ta jure tsami. Kanwa kuwa rage shi take yi. Mai shanta kullum yana kwance wa mai gadin makami da hannunsa. Ba mu manta da 2010 da 2011 ba, lokacin da amai da gudawa ya ɗauke mutane da yawa a arewacin Kamaru. Ruwan Binuwai da na rijiyar da ba murfi, ko a Garwa ko a ƙauye, yana iya yin garau alhali da cuta a ciki.

Saboda haka ku bar kanwa a miyar kuɓewa. Ruwan sha a tafasa shi sosai, a zuba a randa mai murfi, a keɓe masa moɗa guda. A wanke hannu da sabulu. In gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kawo shi asibiti, kada a jira gobe. Mai ƙwannafin da ya daɗe kuma, ya zo mu duba shi.

Allah ya ba mu lafiya.