Kwaɗo A Kulle, Mai Mabuɗi Bai Zo Ba

Makalar wannan makon kan ilimin kwamfuta ce, kuma ra'ayinmu shi ne: lokaci ya yi da za mu riƙa bayyana matsalolin fasaha masu wuya da Hausa, ba labaran soyayya kaɗai ba. Daga Sabiyal zuwa jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ba nisa, kuma ɗalibanta masu koyon rubuta manhaja 'yan garuruwanmu ne. Bari mu gwada da matsala guda.

A tsarin Unix da Linux akwai umarni mai suna fork. Aikinsa ya kwafe shirin da ke gudana ya zama biyu, uwa da ɗa. Amma shiri ɗaya kan ƙunshi zaruruwan aiki da yawa, kowane na nasa hidimar. Idan aka kira fork, ana kwafe duk abin da ke ƙwaƙwalwa, sai dai zare ɗaya tak ke shiga ɗan, wato wanda ya yi kiran.

Ku ɗauka babban shago ne a kasuwar Jega mai yara biyar. Ɗaya ya shiga sito ya kulle ƙofa ta ciki. A daidai lokacin aka kwafe shagon, da kaya da kwaɗo a kulle, amma maigida kaɗai ya bayyana a sabon shagon. Zai tsaya bakin sito yana jiran yaron da ba ya nan. Haka manhajar ke yi: ba ta faɗuwa, ba ta nuna kuskure, ta sandare kawai.

Abin da ke ruɗa ɗalibi shi ne, sau da yawa ba shi ya buɗe zaruruwan ba. Kundin aikin da ya aro ne ya buɗe su a ɓoye, irin su OpenMP na GNU ko gRPC. Maganin bi da bi ne. A fara ƙirga zaruruwan da ke raye kafin fork. A leƙa ɗan da gdb a ga kwaɗon da yake jira. Sannan ko dai a yi fork kafin kundin ya fara aiki, ko a koma hanyar spawn wadda ke tayar da sabon shiri fil. Masu harshen Python ma sun bi wannan hanya: a 2019 sigar 3.8 ta mayar da spawn zaɓin farko a macOS, a 2023 kuma sigar 3.12 ta fara gargaɗi idan aka yi fork alhali akwai zaruruwa da yawa.

Wasu za su ce ɗalibai ai da Turanci suke jarrabawa, me ya kai mu? Gaskiya ne, kuma sunayen umarni ba za mu taɓa su ba. Amma hadda daban, fahimta daban. Wanda ya gane labarin sito da kwaɗo ba zai manta dalilin sandarewar ba.

Sharaɗi ɗaya ne: kada mu rubuta abin da ba mu tabbatar ba. Mu zauna da masu ilimin, mu gwada da hannunmu, sannan mu ɗauki alƙalami. Duk wanda ke da kalmar da ta fi "zare" dacewa, ya kawo mu tattauna.

Allah Ya ƙara mana basira, amin.