NAZARI: Rukunin Masana'antu Mai Kare Muhalli: Kafin A Kafa Sabon Allo, A Leƙa Challawa Da Sharaɗa

Duk wanda ya san Kano ya san hanyoyin da dagwalon masana'antunta ke bi. Na Bompai yana gangarawa ta rafin Getsi ya haɗe da Jakara, ya ƙare a dam ɗin Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta zuwa kogin Challawa, inda na rukunin masana'antun Challawa ma ke zuba. A gaɓar waɗannan rafuka manoma ke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo da ake kai wa kasuwannin birni, kuma a gefen kogin Challawa ne ake da ɗaya daga cikin tsofaffin matatun ruwan sha na Kano.

Dalilin tuna wannan a yanzu shi ne, an shiga wani sabon yayi na gina rukunan masana'antu. Kano da Kaduna na cikin zangon farko na shirin yankunan sarrafa amfanin gona na musamman, wato SAPZ, wanda Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci da asusun IFAD ke ɗaukar nauyinsa. A duniyar masu ba da rance kuwa, kalmomi biyu ne ke tashe: rukunin masana'antu mai kare muhalli, da tattalin arziki mai zagayawa. Ma'anarsu ba ta da wuya. Maimakon a haƙo, a sarrafa, a zubar, sai a tsara kamfanoni ta yadda sharar wannan za ta zama kayan aikin wancan. A 2017 hukumar UNIDO da Bankin Duniya da hukumar GIZ ta Jamus suka fitar da ƙa'idojin da ake auna irin waɗannan rukunai da su.

Tambayar ita ce, me ke sa tsarin ya yi aiki a wani wuri, ya tashi a allon talla kawai a wani wurin?

Garin da shara ta yi farashi

Misalin da kowa ke kawowa shi ne Kalundborg, wani ƙaramin gari a bakin teku a ƙasar Denmak. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, babu wata gwamnati da ta zauna ta zana shi. A 1961 sabuwar matatar mai ta buƙaci ruwa mai yawa, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ba zai isa ba, sai aka shimfiɗa bututu daga tafkin Tisso da haɗin gwiwar hukumar garin. A 1972 kamfanin Gyproc mai yin allunan silin da bango ya fara sayen rarar iskar gas ɗin da matatar ke ƙonawa a banza. Daga 1976 kamfanin magunguna na Novo ya fara bai wa manoma laka mai amfani da ke fita daga tukwanensa don su yi taki.

A farkon shekarun 1980 tashar lantarki ta Asnæs ta fara tura zafinta zuwa gidajen gari, tana kuma sayar wa Novo da matatar mai tururi. A 1993, da aka ɗaura wa tashar na'urar tace sinadarin farar wuta daga hayaƙin kwal, abin da ke fita daga na'urar ya zama jifsam, Gyproc kuma ya saye, ya rage shigo da shi daga waje. Tokar kwal ma ta samu kasuwa a wurin masu siminti. Bahaushe ya ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. A Kalundborg ba a ƙona rumbu ba, amma an gano inda tokar ke tsada.

Sai a 1989 wasu ɗaliban sakandare suka zana taswirar bututun da ke tsakanin kamfanonin, sannan duniya ta lura cewa an gina wani tsari. Kowace mahaɗa a cikinsa yarjejeniyar ciniki ce tsakanin kamfanoni biyu, kuma abubuwa uku suka riƙe ta. Kamfanonin suna kusa da juna. Manajojinsu sun san juna, sun kuma amince da juna. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, dokar muhalli a Denmak tana da haƙora: zubar da shara yana da tsada, don haka neman mai saye ya fi arha.

Idan aka gina rukuni aka manta da doka

Kishiyar wannan labari tana Bangaladash. Shekaru da dama majemun unguwar Hazaribagh da ke birnin Dhaka suna zuba dagwalo a kogin Buriganga. A 2003 gwamnati ta fara shirin mayar da su sabon rukuni a Savar, mai babbar matatar dagwalo guda ɗaya ta kowa da kowa. Ƙaurar ba ta tabbata ba sai a 2017, bayan kotu ta ba da umarnin yanke musu wuta da gas.

An tare a Savar matatar ba ta kammala ba. An tsara ta ne don tace kubik mita 25,000 a rana, alhali a lokacin da fatun layya suka cika majemu abin da ke fita ya kan zarce haka nesa ba kusa ba. Gurɓatar da aka kora daga Buriganga sai ta koma kogin Dhaleshwari. A 2021 kwamitin majalisar dokokin ƙasar mai kula da muhalli ya ba da shawarar a rufe rukunin. Asarar ba ta tsaya ga kogi ba: manyan kamfanonin takalma da jakunkuna na Turai suna neman shaidar tsaftar muhalli kafin su sayi fata, akasarin majemun Savar kuma ba su da ita, sai suka koma sayarwa da araha ga masu sayen da ba sa tambaya.

Wannan ne darasin da ya fi kusa da Kano, domin fatar akuyar da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa kasuwar waje take nufa.

Abin da Kano ke da shi

Idan kusancin kamfanoni ne sharaɗi na farko, Kano ta cika shi tun shekaru da dama da suka wuce. Haka nan sharar da za a iya mayarwa kuɗi ba ta da wuyar lissafawa.

A jimar zamani ana amfani da gishirin kuromiyam, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasa ba ya shiga fata, ruwa yake bi ya fita. Fasahar kwantar da shi daga ruwan a sake amfani da shi tsohuwa ce. Sinadari ne da ake shigo da shi da dala, ana zubar da shi a kogi. Tsokar da ake kankarewa daga fata kafin jima da tumbin dabbobi na mayanka suna iya ba da iskar gas da taki. Ɓuntun shinkafa, wanda ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera, makamashi ne na tukunyar tururi, ga shi kuma ana tara shi tsibi-tsibi a bayan injinan casa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun da a Afrilun 2024 kuɗin lantarki na rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa guda, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar tsara kasuwar wutarsu.

Akwai kuma 'yan jari-bola da 'yan gwangwan, waɗanda suka daɗe suna gudanar da tattalin arziki mai zagayawa ba tare da sun san sunansa ba. Su ke ciyar da kamfanonin roba masu yin buta da silifa da masu narka ƙarfe. Gaskiya ne sana'ar ta gauraya da satar kayan gwamnati, abin da ya sa a Janairun 2025 hukumomin Abuja suka hana yawon bola a cikin birnin. Sai dai kora ba ta maye gurbin rajista da katin shaida da wuraren saye na halal. Duk rukunin da aka tsara ba da su ba, ya yanke jijiyar da ke kawo masa kayan aiki.

Abin da ya rage

Doka ba ita ce babu ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, kuma tun 2009 akwai ƙa'idojin ƙasa da suka tanadi iyakar abin da masaƙu da majemu za su iya zubarwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne awo da hukunci. Muddin zuba dagwalo a rafi kyauta ne, babu manajan da zai kashe kuɗi kan matata, kuma wanda ya kashe ya cuci kansa a gaban abokan gasarsa. Kuɗin da kamfani ya tsimi ba ɓacewa yake yi ba. Manomin gaɓar Jakara da mai sayen latas ɗinsa ne ke biya da lafiyarsu.

Masu masana'antu za su ce da ƙyar suke numfashi, ga tsadar wuta ga tsadar dala, ƙarin nauyi zai rufe ƙofofi ya kori ma'aikata. Hujja ce da ba za a yi watsi da ita ba, kuma ita ce dalilin da ya sa matata ɗaya ta haɗin gwiwa ta fi ma'ana a kan a ce kowane ƙaramin kamfani ya gina tasa. Amma Savar ta nuna cewa gina matata shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne wa zai biya kuɗin wutarta da sinadaranta kowane wata.

Don haka duk lokacin da aka kira taron aza harsashin wani sabon rukuni, akwai tambayoyin da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida da ƙungiyoyin matasa su riƙe. Lita nawa na dagwalo rukunin zai fitar a rana, kuma nawa matatarsa za ta iya ɗauka? Za a kammala ta kafin kamfani na farko ya kunna inji? Wa zai gudanar da ita, da kuɗin wa? Wa zai auna ruwan da ke fita, kuma a ina jama'a za su ga sakamakon? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu daga hukumomin tarayya, dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 kuma ta tanadi a baje rahoton a gaban jama'a kafin a amince da shi.

Gwajin da ya fi sauƙi ba ya buƙatar sabon fili. A fara wallafa sakamakon awon ruwan Getsi da Salanta da Challawa kowane wata, da sunan bututun da aka ɗebo shi. Gwamnatin da ta iya yin wannan a tsofaffin rukunai, ita ce za a iya gaskata alƙawarinta a kan sababbi.