Ana muzuru ana shaho: Wa zai tsare kajin matan Kudancin Kano?

Kowane Bahaushe ya san karin maganar zakaran da Allah ya nufa da cara, wanda ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. 'Yan siyasa sun fi kowa son ta, musamman ranar da aka sanar da sakamakon zaɓe. Amma a ƙauyukan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, muzuru da shaho ba a baki kawai suke ba. Su ne ke sa mace ta ƙirga kajinta da magariba ta samu goma sha biyu, da asuba ta samu tara, sai gashi a warwatse a bayan danga. Ba mai tambayar sauran zakarun da ba su kai ga cara ba, na wa ne, kuma me aka yi niyyar yi da kuɗinsu.

Akasarin kajin gida a wannan yanki na mata ne da yara. Su ne asusun da ake fasawa idan yaro ya kwana da zazzaɓi, ko aka nemi kuɗin littafi a makaranta, ko baƙo ya sauka babu shiri. Mata da yawa da kaza suka fara, suka tara suka sayi akuya. Kazar gida tana yin ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta hau kwanci, ta yi kwana 21 a kai ta ƙyanƙyashe, kuma takan yi haka kamar sau uku a shekara. Saboda haka daren da dila ya ɗauke kaza a kan ƙwai, uwa da 'ya'ya ya kwashe, har da kuɗin Sallar da aka ɗora wa rai.

Wannan asara ba ta shiga lissafin kowa. Idan aka kore shanu, za a ji a rediyo, jami'an tsaro su shiga daji. Idan kaji uku suka ɓace, sai a ce wa mai su ta yi haƙuri, kaza ce kawai.

Yanayin yankin ne ya sa matsalar ta fi tsanani a nan. Dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, ya mamaye sassan Doguwa da Tudun Wada har zuwa Sumaila. Ga dajin Ɗansoshiya a Ƙiru, ga kuma kewayen Madatsar Tiga a Bebeji, wadda aka kammala a 1974. Ruwan sama ya fi yawa a nan fiye da arewacin jihar, ciyawa na yin tsawo, kuma da damina masara da dawa kan kai har jikin katangar gida. Dabba tana iya tahowa daga daji har bakin akurki ba wanda ya gan ta. Gonaki kuma kullum ƙara cin daji suke yi, masu saran itace da gawayi ba su huta ba, da kaka a cinna wa daji wuta don farautar gafiya. Wanda aka ƙone wa abinci a daji, gidan mutane zai nufa.

Sai dai ba kowace ɓarna ce ta dila ba, ko da yake sunan da ya yi a tatsuniya ya sa shi ake fara zargi. Dila kan ɗauki kaza ɗungurungum ya tafi da ita, a ga sawu da gashi a hanya, wani lokaci da ramin da ya tona a ƙarƙashin darni. Yanyawa, wadda ta fi yawa a busassun wurare na arewa, ƙwari da ɓeraye ne mafi yawan abincinta, amma in ta samu kaza a sake ba za ta ƙi ba. Muzuru hawa yake yi, don haka kwana a kan bishiya ba ya tsare kaza daga gare shi. Tunku kuwa ƙaramar kafa ta ishe shi, kuma in ya shiga yakan kashe fiye da abin da zai ci. Shirwa da shaho da rana tsaka suke aiki, 'yan tsaki suke fyauɗa. Maciji da gafiya suna bin ƙwai da ƙananan tsaki. Akwai karnukan da ba su da mai su. Akwai kuma ɓarawo mai ƙafa biyu, wanda shi ba ya barin ko gashi ɗaya. Sanin wanda ya yi ɓarnar shi ne farkon magani, domin abin da ke hana dila ba ya hana shirwa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne hanyar da wasu ke bi idan ransu ya ɓaci: a samu mushen kazar a barbaɗa masa fiya-fiya ko maganin feshin gona, a ajiye a bayan gari. Wannan ɗabi'a ta cancanci a yi tir da ita ba tare da kwana-kwana ba. Guba ba ta san dila ba. Karen maƙwabci zai ci, kyanwa za ta ci, kajin da ake son tsarewa za su tsattsage ragowar, ruwan sama ya wanke sauran zuwa rafin da ake shayar da dabbobi, kuma yara suna wasa a wuraren. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantuna saboda rayukan da suka salwanta, amma duk mai shiga kasuwar ƙauye ya san samun irin waɗannan magunguna ba wuya. Dattawa suna tuna lokacin da ungulu ke cika kowace mahauta a ƙasar Kano. Yau sai a yi shekara ba a ga ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun da aka saba gani a garuruwan Afirka ta Yamma cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma mushe mai guba yana cikin dalilan.

Ko da gubar ta kashe dilan da aka nufa, wani zai maye gurbinsa kafin wata ya zagayo, muddin kaji na kwana a fili. Sannan dila da muzuru da tunku su ne ke rage ɓerayen da ke cin hatsi a gona da rumbu. Manomin da ya ƙarar da su ya sayi wata asarar da kuɗinsa.

Maganin da ya fi aiki tsoho ne, kuma ba ya buƙatar kwangila: akurki mai ƙofa da ake rufewa kafin duhu ya shiga. Na ƙasa ne ko na katako da ragar waya, sharuɗɗansa ɗaya ne. Ƙofa ta kasance mai sakata, domin dutsen da ake jinginawa dila na iya ture shi. Gindin ya zama an daɓe shi ko an jera duwatsu, in kuma raga ce a binne ƙasanta kamar kamu ɗaya a lanƙwasa ta waje, yadda mai tono zai ci karo da ita. Kafofin shan iska su zama sama, kuma ƙanana, waɗanda tunku ko maciji ba zai ratsa ba. A sassabe ciyawar da ke jikin gida, a bar ɗan fili tsakanin shuka da katanga. Wanda ya iya gina rumbu ya iya gina wannan a yini biyu, kuma a nan ne magidanta ke da laifi. Namijin da zai kashe kuɗi ya gyara turken sa, amma ya bar kajin matarsa suna kwana a kan reshe ko a bayan murhu, shi ne kuma zai fara tambayar inda zakara yake ranar da surukai suka zo.

'Yan tsaki kuma nasu daban ne. Mafi yawan asarar kajin gida a makonnin farko take faruwa, lokacin da uwa ke jan su cikin ciyawa da raɓa. Kife su da babban kwando ko ɗan keji a tsakar gida na wata ɗaya zuwa mako shida, ana ba su tsaki da dusa da gara da ruwa mai tsabta, yana tsare su daga shirwa da sanyi gaba ɗaya. Ba a ce a kulle kaji duka dare da rana ba. Ribar kazar gida ita ce tana nemo abincinta da kanta, kuma da tsadar masara a 'yan shekarun nan, wadda aka ce ta ciyar da kaji ashirin daga buhu an ce ta daina kiwo ke nan.

Matan da ke gudun akurki ma suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Sun ga yadda cuta ke shiga da hunturu ta share kajin da ke kwana wuri ɗaya cikin mako guda. Cutar Newcastle ta fi kowane dila kisa. Shi ya sa wa'azin akurki ba tare da rigakafi ba rabin magana ne. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin rigakafin wannan cuta samfurin I-2, wanda ke jure zafi fiye da sauran, ana ɗiga shi a idon kaza duk bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka sai an haɗa unguwa guda a yi rana ɗaya. Wannan aikin tsari ne, kuma tsari na hukuma ne.

Hukumomin suna nan. Akwai KNARDA da malaman gonarta, akwai sassan noma na ƙananan hukumomin huɗu, an yi shirin bunƙasa noma da kiwo na KSADP mai dala miliyan 95 da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, kuma a 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata sukutum ta bunƙasa kiwo. Amma maganar da ake ji daga waɗannan wurare kusan duk ta shanu ce da madara da burtali. Suna da muhimmanci, babu musu. Sai dai gidajen da ke da kaza sun ninka gidajen da ke da saniya. Kuma malamin gona namiji iyakarsa zaure, ba ya shiga cikin gida inda kajin da masu su suke. In ana son saƙon ya isa, mata za a horar a kowace mazaɓa, su riƙa ɗiga rigakafi ana biyan su ɗan abin da ya sauwaƙa, su kuma nuna yadda ake gyara akurki. Sayen ragar waya a dunƙule a rarraba wa ƙungiyoyin mata a farashi mai sauƙi bai kai kuɗin bikin ƙaddamar da shiri ɗaya ba.

Batun diyya kuwa gara a faɗi gaskiya. Lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna da Kano a farkon 2006, Gwamnatin Tarayya ta sa Naira 250 a kan kowace kaza, amma kajin da jami'ai suka kashe da hannunsu don tsayar da annoba ake biya. Babu gwamnatin da za ta iya tantance kazar da dila ya ci a wani ƙauye a Doguwa, kuma duk ɗan siyasar da ya yi wannan alkawari yaudara yake yi.

Abin da ke tayar da wadda aka yi wa ɓarna tun da can a hannun jama'a yake. 'Yar'uwa ko maƙwabciya ta ba ta kaza ta riƙe, in ta ƙyanƙyashe a raba 'ya'yan. Masu adashi su matso mata da kwasarta. Waɗannan al'adu sun fara rauni saboda matsin rayuwa, kuma ƙungiyoyin mata da masu unguwanni za su iya raya su. Dabara ce kuma a rage garke kafin lokacin haɗari, a sayar da zakarun da suka isa kafin shuka ta rufe gari ko kafin hunturu ya kankama, a bar iyaye.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan asara a cikin gida. Sau da yawa yaron da ya manta bai rufe ƙofa ba shi ke shan duka, alhali wataƙila kazar da kakarsa ta ba shi na cikin waɗanda aka ɗauke, shi ma kukan yake yi. Wani lokaci zargi ya faɗa kan ɗan maƙwabci, magana ta kai gaban mai unguwa, zumuncin shekaru ya lalace a kan ɓarnar da muzuru ya yi. Duba sawu da bakin akurki kafin a buɗe baki yana kashe rigima da yawa.

Kazar da aka tsinta dabba ta kashe, mushe ce, a binne ta da zurfi kada ta jawo wani maharin. Wanda kuma dila ko karen da ba a san mai shi ba ya ciza ko ya yakusa garin ƙwatar kaza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare, wanda ba ya jin magani da zarar alamunsa sun bayyana.

Lokacin gina akurki rani ne, sa'ad da ƙasa ke bushewa da wuri, hannu kuma bai shiga aikin gona ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa suna da damar sa wannan aiki da na rigakafi cikin kasafin sassan nomansu kafin ruwa ya sauka, masara ta sake kaiwa jikin katanga.